Ƙaninka da ya daskare a ɗakin jarrabawa ba rago ba ne

'Yan uwa ɗalibai, na Yelwa da na Gubi da na Gwallameji, da duk wanda yake da ƙani ko ƙanwa a aji shida na sakandare. Rubutun nan yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe.

Lokacin nan da muka sani ya kusa zagayowa. JAMB wajen watan Afrilu, cikin tsakiyar zafin Bauchi. Kafin yaro ya numfasa WAEC ta shigo, ana gama ta NECO ta ɗora. Wato ɗan shekara 16 ko 17 zai zauna manyan jarrabawa uku cikin kamar wata huɗu, kowa a gida kuma yana tuna masa cewa rayuwarsa gaba ɗaya a kansu take rataye. Wasu yaran suna ɗauka. Wasu kuma sun yi karatu tsakaninsu da Allah, amma suna zama gaban kwamfuta sai kai ya kulle, hannu ya ɗau rawa, numfashi ya ƙi shiga. A kan waɗannan nake magana, kuma ra'ayina shi ne mu yayyensu da ke manyan makarantu mu muka fi kowa dacewa mu tsaya musu. Sai a 2015 JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya, don haka yawancin iyayenmu ba su taɓa zama kan kujerar nan ba. Mu kuwa jiya-jiya muka tashi daga kanta.

Ku tuna yadda abin yake. Tambaya 180 cikin awa biyu, 60 na Turanci, sauran darussa uku 40-40. In ka raba, daƙiƙa 40 ke nan kowace tambaya. Agogo yana saman allon kwamfutar yana ƙirgawa baya a kan idonka. In zaman farko aka ba ka, tun da sassafe ake son ka a bakin cibiya, ka bi layi, a caje ka, ka ɗora yatsa a na'ura kana addu'ar Allah Ya sa ta gane ka. Yaron da ya taso daga Tirwun ko Fadaman Mada cikin duhun asuba, bai karya ba, jiya bai runtsa ba, wataƙila ma yau ne karo na biyu a rayuwarsa da ya taɓa kibod, wai shi ake so ya zauna cikin natsuwa ya tuna lissafin da ya koya tun aji huɗu.

Abin da ya faru a 2025 ya isa ya sa mu sake tunani. Da JAMB ta saki sakamako, cikin kusan mutum miliyan 1.9 da suka zana, sama da miliyan 1.5 ba su kai maki 200 ba. Nan da nan aka hau zagin yara a soshiyal midiya, wai TikTok ta cinye musu ƙwaƙwalwa. Ranar 14 ga Mayu sai ga shugaban hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, a gaban 'yan jarida yana share hawaye, yana cewa an samu tangarɗar na'ura a cibiyoyi 157 na Legas da jihohin kudu maso gabas, ɗalibai 379,997 sai sun sake zanawa. Kafin wannan sanarwa ta fito, jaridu sun riga sun ba da labarin wata yarinya 'yar shekara 19 a Legas da ta hallaka kanta bayan ta ga makinta. A ƙarshen watan nan dai aka ga hotunan yara suna rubuta Turancin WAEC da dare da hasken tocila saboda takardu sun makara. Ba na cewa duk wanda ya faɗi na'ura ce ta kayar da shi. Amma lambar da muke auna darajar yaro da ita tana iya zuwa da kuskure, tsoron da muke ɗura masa a kanta kuwa yana iya kaiwa inda ba a dawowa.

Bari mu bambanta abu biyu. Faɗuwar gaba kafin jarrabawa kowa na yi, har masu fas-kilas. Kaɗan daga cikinta ma yana da amfani, shi ke tashin mutum ya buɗe littafi. Na biyun shi ne wanda likitoci ke kira fanik atak da Turanci, ni dai zan kira shi firgicin farat-ɗaya. Yana zuwa ba sallama. Zuciya ta hau bugu kamar za ta fasa ƙirji, zufa ta keto, jiki ya ɗau ɓari, ƙirji ya riƙe, jiri ya ɗebi mutum, yatsu da leɓe su yi ta tsikari kamar ana soka allura. Mafi muni, yaron yana ji a ransa cewa mutuwa ce ta zo, ko hauka zai yi. Yawanci abin yana kaiwa ƙololuwa cikin kamar minti goma, sannan ya fara sauka, ya bar mutum a galabaice.

Me ke faruwa a jiki? Akwai wani sashe a ƙwaƙwalwa da aikinsa gadi ne. In ya hango haɗari, misali maciji a ɗaki, sai ya sa jiki ya saki sinadarin adiranalin, zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya ƙaru, jini ya tafi ƙafafu da hannuwa don ka gudu ko ka kare kanka. Matsalar ita ce mai gadin nan ba ya bambanta maciji da tambayar Fiziks. In wata shida ana gaya wa yaro ranar nan ce ranar halaka, to ranar na zuwa mai gadi zai buga ƙararrawa. Numfashin sauri-sauri da yaron ke yi yana fitar da iskar kabon daga jini fiye da kima, shi ke kawo jirin da tsikarin yatsu. Yaro ya ji haka ya ƙara tsorata, tsoron ya ƙara saurin numfashin, abu ya yi ta juyawa. Shi kuma sashen ƙwaƙwalwa da ke riƙe lissafi yana jujjuya shi, tsoro ya riga ya mamaye shi. Shi ya sa za ka ga yaro ya fito daga ɗakin, bai kai bakin get ba duk amsoshin sun dawo masa. Karatun yana nan, ƙofar ce ta rufe.

Ina ɗan koyar da Kemistiri ranakun Asabar ga masu shirin JAMB. Bara akwai 'yar kawuna a cikinsu, wadda ta fi kowa a ajin nesa ba kusa ba. Ranar da muka kai su wata cibiya gwaji a kwamfuta, ba a yi minti goma sha biyar ba na hango ta ta saki kibod ta dafe ƙirji. Na fito da ita inuwar darbejiya, ƙawayenta suka yo caa, wata na salati, wata ta ɗauko ruwan leda za ta sheƙa mata. Na ce kowa ya koma ciki sai mutum ɗaya. Ta kama hannun rigata tana cewa, "Yaya, zuciyata za ta tsaya, wallahi mutuwa zan yi, ka kira min Umma." Na tsuguna daidai tsayinta na ce, "Ina nan, ba inda za ni. Abin nan yana da ban tsoro, amma zai wuce. Kalle ni, mu yi numfashi tare." Muka yi ta yi, ina ƙirgawa tana bi. Can sai ta fashe da kuka ta ce, "Abba ya gaya wa duk abokansa ni likita zan zama." A nan na san inda gizo ke saƙar. Washegari goggonmu ta kai ta asibiti aka duba zuciya da jini, lafiya ƙalau. Abbanta kuwa sai da muka zauna da shi sau biyu.

A gidajenmu fassara biyu ake yi wa irin wannan. Wasu su ce raki ne da son jiki, bai yi karatu ba ne yake neman hanyar gudu. Wasu su ce iska ce ko sammu, musamman in mace ce. Masu maganar farko, ku lura da kyau: yawanci yaron da ya fi damuwa da karatun shi abin ke kamawa. Wanda bai damu ba ai barcinsa yake sha har da munshari. Masu magana ta biyu, ni ba malami ba ne, ba kuma zan hana kowa addu'a ba. Addu'a da zikiri suna kwantar da zuciya, Musulminmu da Kiristanmu duk mun san haka. Roƙona kawai a haɗa da asibiti, kuma kada a tara wa yarinya jama'a ana ihu a kanta ana cewa wani abu ya shige ta, domin wanda ke jin zai mutu in ka ƙara masa da wannan ka zuba wa wuta fetur. Dalilin asibitin kuma a fili yake: asma, ƙarancin jini, faɗuwar suga, farfaɗiya da wasu cututtukan zuciya duk suna iya kama da firgicin nan. A karon farko likita ne kaɗai zai iya rarrabewa. In yaron ya suma, ko ciwon ƙirjin ya ƙi sauka, ko dama yana da asma ko sikila, kada a tsaya wani ƙirgen numfashi, a nemi Keke a tafi.

In an tabbatar firgici ne, ga abin da ke aiki a lokacin da ya taso. Ka fara da kanka, in muryarka na rawa tasa ma za ta ƙara rawa. Kore 'yan kallo. Kada ka ce masa "ba komai" ko "daina mana", shi a wajensa akwai komai, kuma da zai iya dainawa da tuni ya daina. Sa shi ya shaƙi iska ta hanci kana ƙirga huɗu, ya fitar ta baki a hankali kana ƙirga shida, kamar mai hura koko mai zafi. Fitarwar ce ta fi muhimmanci. Kada a rufe masa baki da leda ko takarda wai ya numfasa a ciki, in asma ce ko zuciya za a iya yin ɓarna. In numfashin ya ɗan daidaita, jawo hankalinsa waje: ya faɗa maka abu biyar da yake gani, huɗu da yake taɓawa, uku da yake jin ƙararsu. Bayan ya wuce kada ka hau yi masa wa'azi. Ba shi ruwa, ka bar shi ya huta, magana sai anjima.

Sai dai ranar jarrabawa ba ka cikin ɗakin. Shi ya sa ainihin aikin tun yanzu ne, kuma nan ne nake ganin mu ɗalibai muke da abin bayarwa.

Na farko, sabo. Tsoro yana raguwa in mutum ya yi ta haɗuwa da abin da yake tsoro kaɗan-kaɗan, yana ƙaruwa in ana gudunsa. Kana da laftof, ƙaninka ba shi da ita. Sa masa manhajar tsofaffin tambayoyi, ka kafa agogon awa biyu, ya zauna kan kujera da tebur ba kan katifa ba, waya a kashe. Fara da rabin awa in awa biyun ta yi masa yawa. Nuna masa A, B, C, D na zaɓen amsa, N na gaba, P na baya, S na miƙawa, har yatsunsa su haddace. Gaya masa JAMB ba ta rage maki don an kuskure, saboda haka tambayar da ta gagara a tsallake a dawo mata, kada a bar ta fanko. In da hali a yi masa rajistar jarrabawar gwaji da hukumar ke shiryawa. In silif ya fito, ku hau Keke tare ku je ya ga cibiyar da idonsa kafin ranar.

Na biyu, ya san abin da zai yi in abin ya taso masa a ciki. Ya ɗauke hannu daga kibod, ya kafa ƙafa biyu a ƙasa, ya yi numfashin nan sau shida. Minti ɗaya ke nan, kuɗin tambaya ɗaya da rabi. Gara ya yi asarar wannan da ya yi asarar awa guda yana kallon allo. Amma sai ya riƙa gwada numfashin kullum yana lafiya, ko bayan kowace sallah ne, don ba a koyon iyo ranar da kwalekwale ya kife. Akwai kuma wata dabara mai arha. A 2011 wasu masana biyu a Jami'ar Shikago, Gerardo Ramirez da Sian Beilock, sun wallafa bincike a mujallar Science inda suka sa ɗalibai su zauna minti goma kafin jarrabawa su rubuta duk abin da suke tsoro a takarda. Waɗanda suka fi fama da fargaba makinsu ya ɗaga. Biro da fallen takarda kawai, ya rubuta a gida ya yage kafin ya fita.

Na uku, barci da ciki. Don Allah a daina koya wa yaran nan TDB. Masana barci sun ce ɗan wannan shekarun yana buƙatar awa 8 zuwa 10, kuma cikin barcin ne ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka karanta da rana. Kofi mai kauri, goro da lemukan ƙarin kuzari duk suna da kafeyin, shi kuwa kafeyin yana sa bugun zuciya da rawar hannu, wato ainihin alamun da ke tayar wa yaron nan da hankali. Ranar jarrabawa ya sa wani abu a cikinsa, ko masa uku ce da shayi mara kauri. Kuma kada wani aboki ya raka shi kemis a sayo masa ƙwayar barci ko ta "kwantar da hankali". Mun san inda wannan hanya take kai samarin garin nan.

Na huɗu, bakinmu. Wasu cikinmu in sun je hutu gida ba su da hira sai ta wanda ya zana JAMB sau biyar, da lakcaran da ba a cin kwas ɗinsa, da kariyoba da sifil-oba. Kai kana nishaɗi ne, yaron da ke gefe yana haɗiya. A gida kuma ga "duba ɗan gidan Alhaji wane", ga "ka san nawa na biya kuɗin rajistar nan?", ga kiran yarinya Dakta tun tana aji uku. Iyayenmu ba mugunta suke yi ba, kuɗin da gumi aka samo shi, kuma suna tsoron gobe. Amma yaro ba zai iya zama gaban Baba ya ce maganar nan tana hana ni barci ba. Kai za ka iya. Samu Baba shi kaɗai bayan isha'i, cikin ladabi, ka ce, "Baba, yaron nan yana ƙoƙari, tsoron kada ya ba ka kunya ne ke neman kayar da shi. Da za ka ce masa ko me ya samu kai ubansa ne, wallahi da ya fi masa lesin na wata uku."

Na san wani zai ce, mu da muka yi namu wa ya lallaɓa mu? Ai tsoron bulala ne ya kawo mu nan. To, mu da muka iso mu ake gani. Waɗanda suka zube a hanya ba sa cikin hirar, suna can sun yarda cewa su daƙiƙai ne. Kuma tun 1908 wasu masana a Amurka, Yerkes da Dodson, suka lura a gwajin da suka yi da ɓeraye cewa matsi mai tsanani yana iya taimakawa a aiki mai sauƙi, amma a aiki mai wuya ɓata shi yake. Tsawa za ta sa yaro ya share tsakar gida da sauri, ba za ta warware masa lissafi ba. A ɗaya gefen, ban yarda da masu cewa a bar shi ya fasa jarrabawar don tausayi ba. In ya gudu bana, ƙwaƙwalwarsa ta koyi cewa gudun ne ya cece shi, baɗi tsoron zai dawo ya ninka. Sai dai in likita ne ya ce a dakata.

Yaushe abin ya fi ƙarfin yaya? In firgicin yana ta maimaituwa, in yaron ya fara ƙin zuwa makaranta don tsoron kada ya taso masa, in ya daina ci ko barci sati biyu, in ya janye daga mutane. Mafi girma, in ka ji yana cewa gara ya mutu, ko ya gaji da duniya, ko da cikin wasa ne. Kada ka ce shirme ne. Tambaye shi kai tsaye, kada ka bar shi shi kaɗai, ka kawar da magunguna da duk abu mai cutarwa daga kusa da shi, ka sanar da babba a ranar, a kai shi asibiti. Asibitin Koyarwa na ATBU yana da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma zuwa can ba ya nufin mutum ya haukace. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaya cikin bakwai na 'yan shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma fargaba na cikin waɗanda suka fi yawa. Sau da yawa maganin ma na zama ne da tattaunawa, ƙwararre ya koya wa yaro yadda zai kama tunanin da ke tsorata shi ya auna shi. Gaskiya ce likitocin wannan fanni sun yi ƙaranci a ƙasar nan, kuma sai a Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958. Wannan ƙarancin shi ya ƙara wajabta mana mu san abin da za mu iya yi a gida.

Sannan ku nuna wa yaran nan cewa ƙofa ba ɗaya ba ce. A 2025 mafi ƙarancin makin da aka tsayar na jami'a 150 ne, na foli da kwalejin ilimi 100, duk da kowace makaranta da kowane kwas suna da nasu. Akwai IJMB, akwai remediyal. Akwai wanda ya yi difloma a Tatari Ali ko Gwallameji ya shigo jami'a kai tsaye aji biyu, muna zaune da su a aji ɗaya, wasunsu ma su ke koya mana. Akwai kuma baɗi. Yaron da ya san faɗuwa ba ita ce ƙarshen duniya ba ya fi samun natsuwar da zai ci.

Kada kuma mu manta da 'yan aji ɗaya da ke cikinmu, waɗanda muke tsokana da jambito. Da yawansu shekararsu 16 ko 17, karon farko ke nan da suka bar gida. In jarrabawar semista ta zo ka ga wani a hostal ya kwana uku bai runtsa ba, ko wata ta fito daga ɗakin jarrabawa tana haki, kada a ɗaga waya a ɗauki bidiyo. Matsa kusa, ka zauna da shi, in ya lafa ka raka shi kilinik ko ofishin masu ba da shawara.

Yau in ka kira gida, karɓi ƙaninka a waya. Kafin ka tambaye shi nawa yake ci a gwaji, tambaye shi ko yana samun barci. Sannan ka yi shiru ka saurara.

Allah Ya ba ƙannenmu natsuwa da sa'a, Ya sa mu ga alherinsu. Amin.